Lambun Tsakar Gida: Bokiti Nawa Na Ƙasa Akwatin Shukarki Zai Ci?



Tun da muka fara zancen shuka kayan miya a cikin gida, tambayar da ta fi yawan dawowa daga wajenku guda ɗaya ce: na jera bulo, na shirya wuri, to ƙasa nawa zan saya? Wata ta ce ta sa an kawo mata buhu goma, aka juye, ko rabin akwatin bai kai ba. Wata kuma ta ce nata ya yi yawa, ga tudun ƙasa nan a ƙofar gida, mai gidan haya yana ta aiko mata da saƙo. Yau wannan lissafin za mu zauna mu warware. Ki jawo wayarki kusa, ki buɗe kalkuleta, in da tef ɗin awo na ɗinki a gidan ki ɗauko shi.

Ni ma na sha wannan wahalar. Shekarar da na fara, da ido na auna. Na leƙa akwatin na ce bokiti goma sha biyar ya isa. Da aka zuba, sai ƙasar ta kwanta a gindi kamar an barbaɗa gishiri a miya. Ga renon tumatir na riga na karɓo, yana jira a inuwa yana yaushi. Haushi ya sa na aika aka kawo mini amalanke biyu ba tare da na je na gani ba, ashe rabinta jar ƙasa ce ta cikon gini. Wadda ta rage aka tara ta a waje, ruwan farko ya kwashe ta ya zuba a kwata, maƙwabta suka yi ta ƙorafi. Kuɗin adashina na wata biyu ke nan suka tafi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wajen hatsi haka ne. A wajen cika akwatin shuka kuwa, ido yaudararki zai yi, don yana ganin tsawo da faɗi, ba ya iya ƙiyasta zurfi.

Wane irin akwati muke nufi?

'Yan lambun fadama suna yin fangali ne, wato su kewaye wuri da ɗan tudu, shukar tana ƙasa don ruwa ya kwanta mata. Namu akasin haka ne. Muna kewaye wuri da bulo ko katako ko tsohon kwano, mu cika da ƙasa, shukar ta tashi sama da daɓen tsakar gida. Dalili kuwa a fili yake: gidaje da yawa yanzu an shafe su da siminti, wasu ƙasarsu duk ɓaraguzan gini ne, wasu kuma ruwa yana kwanciya da damina. Da yake ƙasar da za ta shiga ciki duk kawo ta za a yi, kowane bokiti kuɗi ne ko ƙarfin wani. Shi ya sa lissafi ya zama dole.

Awo uku kawai kike buƙata

Tsawo, faɗi, da zurfi. Ki auna duka ukun da santimita. Tef ɗin ɗinki yana da fuska biyu, ɗaya inci, ɗaya santimita. Ki juya wajen da lambobinsa suka fi ƙanƙanta suka kai 150.

Ga ƙa'idar, ki rubuta ta a inda ba za ta ɓace ba:

Tsawo × faɗi × zurfi, sai ki raba da 1,000. Amsar da ta fito ita ce yawan litar ƙasa.

Bayan nan ki raba litar da 20, ki samu yawan bokiti, idan babban bokitin fenti mai lita 20 kike amfani da shi. Ki lura, babban nake nufi, ba ƙaramin da ake auna gari da wake da shi a kasuwa ba. Idan bokitinki ba na fenti ba ne, ki gwada shi da ruwa: jarka mai lita 25 ko gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi za ta gaya miki abin da yake ci.

Me ya sa na zaɓi lita da bokiti? Don su ne abin da ke hannunki. Mai sayar da ƙasa zai iya yi miki gardama a kan girman baro ko buhu, amma ba zai yi gardama da bokitin da kika ajiye a gabansa ba.

Ki auna ciki, kada ki auna waje

Nan ne mafi yawanmu muke zamewa. Bari mu ɗauki misali na gaske. Bulo mai inci 6 da ake bugawa a Nijeriya tsawonsa wajen santimita 45 ne, tsayinsa 22 da rabi, kaurinsa 15. A ce kin jera bulo shida a kowane dogon gefe, kin saka biyu-biyu a tsakaninsu don rufe kai da ƙafa, kin ɗora layi biyu. Bulo 16 ke nan a kowane layi, 32 gaba ɗaya.

Idan kika auna ta waje, za ki samu tsawo 270, faɗi 120, tsayi 45. Lissafi zai ba ki lita 1,458.

Amma ƙasa ba ta shiga cikin jikin bulo. Ta ciki, tsawon 240 ne, don bulon kai da na ƙafa sun cinye 15 kowanne. Faɗin 90 ne. Zurfin kuma ba za ki cika har baki ba, za ki bar kamar santimita 5 don ruwan ban-ruwa ya samu wurin tsayawa kada ya kwashe ƙasa ya zubar. Zurfin ƙasa ya zama 40.

240 × 90 × 40 = 864,000. Raba da 1,000, lita 864.

Kin ga bambancin? Lita 594, kusan bokiti 30 da za ki biya kuɗinsu a banza. Kuma da yake bulon wani mai bugawa ya kan ɗan gaza na wani, ga kuma kaurin siminti idan an ɗaure su, kada ki dogara da lambobina. Ki bari a gama jerawa, sannan ki sa tef a ciki ki auna naki.

Ƙarin da ƙasa za ta ci idan ta zauna

Lita 864 bokiti 43 ne da ɗan ɗori. Amma idan 43 kika saya, bayan kin ba da ruwa sau biyu ko uku za ki tarar ƙasar ta nutse. Ƙasar da aka haƙo aka juye cike take da iska. Ruwa na shiga sai ta matse. Haka kuma idan aka cakuɗa ƙasa mai laushi da taki mai gari-gari, ƙananan suna shiga tsakanin manyan, sai jimillar ta ragu, kamar yadda mudun gero da mudun wake ba sa cika mudu biyu cif idan an haɗa su.

Saboda haka a kan kowane bokiti goma ki ƙara ɗaya da rabi. A misalinmu ƙarin ya kama lita 130. Jimilla 994, mu ce 1,000. Bokiti 50 ke nan cif.

Ki riƙe wannan lambar, za ta yi miki amfani: lita 1,000 ita ce abin da magina suke kira kubik ɗaya, kuma ita ce bokiti 50 na lita 20.

Zurfi nawa shukarki take so?

Zurfi shi ne inda kuɗi suke tafiya, don haka kafin ki ɗora layin bulo na biyu ki tambayi kanki me za ki shuka.

Latas, alayyahu, albasa mai lawashi da na'a-na'a saiwarsu ba ta nisa. Santimita 15 zuwa 20 ta ishe su. Layin bulo ɗaya ya wadatar.

Karas yana son kamar 30, kuma ƙasa marar duwatsu, in ba haka ba ya fito a karkace ko ya rabu biyu.

Tumatir, tattasai, attaruhu, yalo da kuɓewa suna son 30 zuwa 45. A nan layi biyu ya fi.

Zogale kuwa itace ne mai doguwar saiwa. Ki nema masa inda zai taɓa ƙasa ta asali, ko ki ba shi rabin durom shi kaɗai, kada ki haɗa shi da ƙananan ganye.

Idan layi ɗaya kika tsaya, lissafin ya zama 240 × 90 × 20, lita 432, da ƙarin zama wajen 500. Bokiti 25, rabin kuɗin ke nan.

Akwai kuma tambaya ta biyu: me ke ƙarƙashin akwatin? Idan ƙasa ce tsurarta ba siminti, ki sa a sassauta ta da fartanya ko diga kamar zurfin taƙi guda kafin a zuba sabuwa. Saiwa za ta wuce ƙasa abinta, har tumatir zai iya yi a layi ɗaya. Idan kuwa a kan siminti kika ɗora, abin da kika zuba shi kaɗai ne abincin shukar da wurin zamanta. A nan kada ki yi rowar zurfi. Ƙasa marar zurfi a kan siminti, a zafin Maris da Afrilu, kafin azahar ta bushe ƙamas. Ki kuma bar 'yan kafofi a layin ƙasa, tsakanin bulo da bulo, don ruwan da ya yi yawa ya fita.

Faɗi ma yana da iyaka. Idan za ki iya zagaya akwatin ta kowane gefe, kada cikinsa ya wuce santimita 120, don hannunki ya kai tsakiya ba tare da kin taka ƙasar ba. Idan ta gefe ɗaya kawai za ki iso shi, 60 ya isa. Kuma kada ki jingina ƙasa da bangon ɗaki kai tsaye. Damshin kullum yana cin bango, fenti ya ɓare, filasta ta zube, in gidan ƙasa ne abin ya fi muni. Ki bar rata.

Idan da inci kika saba

Masu ɗinki da yawa inci ne a kansu. Babu laifi. Tsawo × faɗi × zurfi da inci, sai ki raba da 61 maimakon 1,000. A ce kafinta ya haɗa miki akwatin katako mai tsawon inci 48, faɗi 24, kina son ƙasa mai zurfin inci 10. 48 × 24 × 10 = 11,520. Raba da 61, lita 189. Bokiti tara da rabi, da ƙarin zama ki nemi 11.

Abin da za ki kiyaye shi ne kada ki gauraya. Tsawo da inci, zurfi da santimita, amsar shirme za ta zama. Idan kafinta ko magini ya faɗa miki awo da ƙafa, ki mayar da shi inci tukuna, ƙafa ɗaya inci 12 ce.

Wurin da ba kusurwa huɗu ba

Ba kowa ce ke da filin jera bulo ba. Wata tsohon baho za ta huda, wata durom, wata taya.

Abu mai zagaye: ki auna faɗinsa daga baki zuwa baki ta tsakiya. Faɗin × faɗin × zurfi × 0.8, raba da 1,000. Misali faɗi 60, zurfi 25: 60 × 60 × 25 = 90,000, sau 0.8 ya ba da 72,000, wato wajen lita 72. Bokiti uku da rabi da ɗan kai, ki tanadi huɗu.

Baho da yake gindinsa ya fi bakinsa ƙanƙanta, kada ki wahalar da kanki. Kafin ki huda shi, ki cika shi da ruwa kina ƙirga bokiti. Yawan ruwan da ya ci shi ne yawan ƙasar da zai ci. Ruwan kuma ki yi wanki da shi.

Durom mai lita 200 idan an raba shi biyu, kowane rabi lita 100 ne, bokiti biyar. Sai dai ki tabbatar ba wanda aka zuba man inji ko maganin feshi a ciki ba ne.

Akwatin da ya lanƙwasa ya bi kusurwar katanga: ki raba shi gida biyu a zuci, ki lissafa kowanne daban, ki haɗa. A ce ɗaya hannun 200 × 60, ɗayan 100 × 60, zurfi 30. Na farko lita 360, na biyu 180, jimilla 540. Ki kula kada ki ƙirga kusurwar sau biyu. Hannu na biyu daga inda na farko ya ƙare za ki fara auna shi.

Idan tsakar gidan tana da gangare, ki auna zurfi a kai da ƙafa, ki haɗa ki raba biyu. Nan 30, can 20, sai ki yi lissafi da 25.

Bokiti 50 ɗin, na me da me?

Ba zallar ƙasa za ki zuba ba. A cikin kowane bokiti goma, ga rabon da nake bi: shida ƙasar noma, uku ruɓaɓɓen taki, ɗaya yashi mai gari ko ɓuntun shinkafa don iska ta shiga. A akwatinmu mai bokiti 50 ke nan: ƙasa 30, taki 15, yashi ko ɓuntu 5.

Amma rabon yana sauyawa da irin ƙasar da kika samu. Ki jiƙa ta kaɗan ki dunƙula a hannu. Idan kina buɗe hannu ta wargaje, ƙasar jigawa ce mai rairayi, irin wadda ta fi yawa a arewacin Kano, Katsina, Jigawa har zuwa Maraɗi da Damagaram. Wannan ba ta buƙatar yashi ko kaɗan: ƙasa 35, taki 15. Idan ta manne a hannu har kina iya murza ta ta yi tsawo kamar taliya, laka ce irin ta fadama. Ita tana riƙe ruwa ta shaƙe saiwa, in ta bushe kuma ta tsattsage: ƙasa 25, taki 15, yashi ko ɓuntu 10. Idan ta dunƙulu amma kina taɓa ta da yatsa ta farfashe, kin dace.

Jar ƙasa mai tsakuwa da ake cika fandishan da ita ba ta shuka ba ce, ko kyauta aka ba ki. Wadda kike so ita ce ta saman gona, mai ɗan duhu, wadda ciyawa take fitowa a kanta.

Shi ma takin, ruɓaɓɓe nake nufi: ya yi baƙi, ya yi laushi, ba ya wari, ba ya zafi idan kika cusa hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone ƙananan shuka. Kuma akwai batun lafiyar yara, don latas da karas ɗanyu ake cinsu. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a sa masa sinadari ta tanadi a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ke ma idan ɗanye kika samu, na awaki ko na shanu ko na kaji, ki tara shi gefe, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa, ya yi watanni kafin ya shiga akwati.

Daga ina aka ɗebo ta?

Wannan tambayar ta fi ta farashi muhimmanci. Kada ki karɓi ƙasar da aka ɗebo kusa da garejin kanikawa, ko inda ake fasa tsofaffin batura, ko inda ake niƙa dutsen ma'adinai. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta gurɓata ƙasar gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Dalma ba ta da wari, ba a ganinta da ido, kuma yaro mai rarrafe da ke sa hannu a baki shi ya fi shiga haɗari. Takin bola ma ki yi hattara da shi. Bolar yanzu cike take da batura, fasassun kwalabe, leda da allurai. Araha ba ta ado, balle a abin da zai shiga tukunyar miya.

Yadda za ki yi ciniki

Yanzu kin san bokiti 30 na ƙasa kike nema, 15 na taki, 5 na yashi. Mai kawowa kuwa da baro ko buhu ko amalanke zai yi miki magana. Ki sa ya cika baronsa sau ɗaya da bokitinki a gabanki. Baron leburori yakan ci bokiti uku zuwa huɗu idan an shafe bakinsa. In uku ne, ƙasarki baro goma ce, taki biyar. In huɗu ne, ƙasa baro takwas, taki huɗu. Ku daidaita tun farko: shafaffe ne ko mai tozo?

Buhun siminti da ya ƙare, idan an bar wurin ɗaure baki, wajen bokiti ɗaya da rabi yake ɗauka. Wadda ta ce an kawo mata buhu goma bai kai rabi ba, kin ga dalili: bokiti 15 kawai ta samu a inda ake neman 50.

Tifa kuwa, ko ƙaramar ce, tana ɗaukar abin da zai cika irin akwatinmu sau da yawa. Kada ki saya ke kaɗai sai in kina da inda za ki kai ragowar. Ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa, kowacce ta yi lissafinta, ku raba da bokiti.

Wata dabara da ake yawan yaɗawa ita ce a cika gindin akwati da itace, karan dawa da busasshen ganye don a rage ƙasar da za a saya. Tana rage kuɗi, gaskiya ne, amma abu biyu: kayan suna ruɓewa ƙasar ta yi ta nutsewa, sannan a ƙasarmu busasshen itace da kara kiran gara ne. Idan unguwarku tana fama da gara, ki bar wannan dabarar. Gara ki rage tsawon akwatin, ki cika shi da ƙasa mai kyau, baɗi ki ƙara wani.

Masu zama a bene, ku saurara

Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Lita ɗaya takan kai kusan kilo ɗaya da rabi. Akwatinmu mai lita 864 ya doshi kilo 1,300, kwatankwacin buhun siminti 26, ban da nauyin bulo 32. A tsakar gida wannan ba komai ba ne. A baranda ko saman dakin kuwa, ba abin da za ki yanke hukunci ke kaɗai ba ne. Ki nemi injiniya ko maginin da ya san ginin ya duba, in gidan haya ne mai gida ya sani. Mafi sauƙi a bene shi ne bokitai da buhuna ƙanana, a rarraba su kusa da bango, kada a tara su wuri guda.

Ranar zubawa

Ki cakuɗa a waje, a kan leda ko siminti, kashi-kashi: shida, uku, ɗaya, a juya da shebur, a zuba. Idan an kai rabi ki ba da ruwa sosai, sannan a ci gaba. Kada yara su shiga su tattaka wai don ta zauna. Ruwa ne zai zaunar da ita. Ki bar ta kwana huɗu zuwa mako guda kina ba da ruwa, ki cike inda ya lotsa da ragowar da kika ajiye, sannan ki dasa da yamma idan rana ta yi sanyi. Ki rufe saman da busasshiyar ciyawa kaɗan don rage ƙishirwa.

Bayan kowane girbi ƙasar za ta ɗan sauka, don takin ciki yana ƙarewa. Ƙa'idar ba ta sauya ba. Ki auna ratar da ta ƙaru, a ce santimita 5: 240 × 90 × 5, lita 108, bokiti biyar da rabi. Wannan karon ruɓaɓɓen taki za ki fi yawaitawa.

Shawara ta ƙarshe: idan kina da ɗa ko 'ya a aji shida na firamare ko ƙaramar sakandare, ki miƙa masa tef da biro. Wannan lissafin yana cikin abin da ake koya musu. Ya auna, ya lissafa a takarda, ke ki duba da kalkuleta, ranar zubawa kuma shi zai ƙirga bokiti ya ga ko amsarsa ta yi daidai. Tawa 'yar da ba ta son darasin lissafi, ranar da bokiti na ƙarshe ya cika akwatin daidai inda ta ce, sai da ta kira babanta a waya ta ba shi labari.

Ga taƙaitawa don ki ɗauki hotonta a waya:

1. Auna ciki da santimita: tsawo, faɗi, zurfin ƙasa, ki bar 5 a sama.
2. Tsawo × faɗi × zurfi ÷ 1,000 = lita.
3. Lita ÷ 20 = bokiti.
4. Kowane bokiti goma, ƙara ɗaya da rabi.
5. Rabo: ƙasa 6, taki 3, yashi ko ɓuntu 1, ki gyara daidai da irin ƙasarki.

Wadda ta auna nata lissafin ya rikice mata, ta ajiye tsawo, faɗi da zurfin a wajen sharhi nan ƙasa, ta faɗi abin da take son shukawa, mu lissafa tare. Wadda kuma ta riga ta cika nata, ta gaya mana bokiti nawa ya ci da irin ƙasar garinsu, 'yan'uwa su ƙaru. A fitowa ta gaba za mu duba tazarar da ake bari tsakanin shuka da shuka, don a san tumatir nawa akwati ɗaya zai ɗauka. A gaida yara.